Garkar bakin teku: a fara ɗanɗana ruwan rijiyar

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole a Damagaram ya aiko da tambaya: ƙanensa da ke aikin garka a Seme-Poji, gabas da Kotonu a ƙasar Benin, ya ce a turo masa sefa miliyan 2 su kama fili su shuka salati da karoti. Ya tura, ko ya dakata?

Alhaji, kasuwa dai akwai ta. Kotonu da Porto-Nobo kullum suna cin ganye, kuma salati ba ya wuce sati shida bayan dashe ya isa yanka. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba.

Inda nake jin tsoro shi ne ruwa. A bakin teku ruwan daɗi yana kwance ne a kan ruwan gishiri, kuma ba shi da kauri. In aka matsa wa rijiya da injin ban ruwa a rani, gishirin sai ya taso. Bakin ganye ya ƙone, dashe ya tsaya cak. Ka ga yadda kanwa ke cinye wasu garake a Gidimuni ta jihar Damagaram, to haka abin yake. Ka sa ƙanenka ya ɗanɗana ruwan rijiyar a watan Maris, kafin damina ta sauka, ya kuma tambayi maƙwabta ko an taɓa barin wata rijiya a wurin saboda zartsi.

Ƙasar kuma rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Ban ruwa safe da yamma, kashin kaji kowace shuka. Kuɗin mai da na taki su ke cin riba, kuma su ne mai neman jari yakan manta da su in yana lissafi. Ya rubuto maka su, buhu-buhu, lita-lita.

Filin ma ka bincika. Gari yana ta matsowa, mai ƙasa zai iya sayar wa masu gini bayan kun gama gyara ta. A yi takardar haya mai shekaru, da shaidu.

Tun 2023 hanyar Gaya zuwa Malanbil, kan iyakar Nijar da Benin, ta yi wuya, ba za ka riƙa leƙawa yadda kake so ba. Don haka ni dai na ce ka tura jika 500, wato sefa dubu 500, na shuka biyu, ku yanke rabon riba tun yanzu a rubuce, zumunci ya fi tsira haka. Sauran ka bar shi yana juyawa a rumfarka har ya kawo maka lissafin rani guda cikakke.