Gyaran gidan gado: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na gaji gidan mahaifina a Sakkwato, ginin ƙasa ne mai rufin kwano, kuma da bazara ba a iya kwana a ɗaki. Magini ya ce in rushe katangun in sa bulo, sannan in saka esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Matuƙar katangun nan ba su tsage ba, kada ka bari a sa musu diga. Ƙasa mai kauri a hankali take shan zafin rana, bulon inci shida kuwa kafin la'asar ya zama tanda. In ka je Kano, ka shiga Gidan Makama, tsohon ginin ƙasa da ya zama gidan tarihi, da tsakar rana, jikinka zai gaya maka. Magininka ba mugu ba ne, amma ka san a aikin bulo ake samun na cefane. Gindin katanga kawai za ka duba, ka gyara indararo kada ruwa ya riƙa cin ta.

Ɓarawon yana sama. Da ƙarfe biyu na rana ka taka kujera ka ɗora tafin hannu a silin. Haka na yi a ɗakin mahaifiyata a Zariya, na janye hannu ba shiri. Na sa kafinta ya shimfiɗa takardar alminiyam mai sheƙi a ƙarƙashin kwanon, ya bar ɗan sarari tsakaninsu (in ya manna ta an yi asara), ya huda kafofi biyu masu raga a gefen rufin don iska mai zafi ta fita, sannan muka shafa wa kwanon farin fenti. Daren ranar Hajiya ta daina fitar da tabarma tsakar gida.

Tagar yamma ka yi mata rumfa, ka dasa darbejiya ɗan nesa da katanga.

Sai batun esi. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1,000, fankar silin kuwa wajen 70. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit, fetur ɗin janareta kuma tun cire tallafi a Mayun 2023 ka san inda ya kai. Ka canza ƙwayayen wat 60 da LED mai wat 9, haskensu ɗaya. In an gama rufi zafin bai sake ka ba, ka sayi esi guda mai inbata, wato mai rage jan wuta, a ɗakin kwana kaɗai, ka toshe ƙasan ƙofa.