Kyamara Mai Tsada da Batun Haraji

Tambaya: Ina ɗaukar hoton biki a Kaduna, kuma na kashe miliyoyi kan sabuwar kyamarar Canon. Za a cire min kuɗinta daga haraji?

Amsa: Malam, za a cire daga ribar da ake ɗora wa haraji, amma ba a shekara guda ba. Kyamara jari ce, don haka rangwamenta rarraba shi ake yi a kan shekaru. Waɗanda ake cirewa a shekararsu su ne gyara, man janareta da hayar shago.

Rasit ne ke kayar da mutane. Ka tabbata yana ɗauke da sunanka, kwanan wata da lambar jikin kyamarar, kuma ka biya ta banki. In kana yin hidimar gida da ita, kason sana'a kaɗai za a lissafa maka. Ka miƙa bayananka ga hukumar harajin jiha kafin ƙarshen Maris.