Amsa: Sun ce manhajar tana da sauƙi, ko ya isa a kai ta asibiti?

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Ga yadda na fahimci tambayarki: kun gina manhajar da nas-nas za su riƙa lissafa adadin maganin yara da ita gwargwadon nauyin yaro, kun raba takardar tambayoyi, kusan kowa ya ce tana da sauƙi kuma ta yi kyau. Kina son sanin ko wannan ya isa, da kuma inda gwajin kayan lafiya ya bambanta da na sauran manhajoji.

Bai isa ba. Na daɗe ina wannan aiki na zama kusa da ma'aikatan lafiya ina kallon yadda suke amfani da na'ura kafin a fitar da ita, kuma abin da ya fi maimaituwa shi ne wannan: mutum ya tafka kuskure a gabana, na'ura ta ba shi amsa, ya karɓa, a ƙarshe ya ba ta maki cikakke. Ba ƙarya ya yi ba. Bai san ya yi kuskuren ba, to me zai rubuta? Ga kuma kara, wanda ya san ke kika gina abu da wuya ya kushe shi a idonki. Na ga wata nas mai ƙwarewa ta saka shekarun yaro a gurbin nauyi, domin a takardar da ta saba cikewa shekaru ne ke zuwa farko. Hannunta ya bi abin da ya saba. Takardar tambayoyi ba ta kama irin wannan, sai ido. Gani ya kori ji.

Wannan fanni na nazarin yadda mutane ke amfani da na'ura daga jiragen yaƙi ya taso. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙa jirgin B-17 na Amurka sun riƙa naɗe ƙafafun jirgi a wurin sauka, ana ɗora musu laifin sakaci. Alphonse Chapanis, wani masanin halayyar ɗan'adam, ya duba ya ga maɓallin ƙafafu da na fukafukin rage gudu kamarsu ɗaya, kuma suna maƙwabtaka. Aka sa wa ɗaya siffar taya, ɗayan siffar fiffike, yadda hannu zai bambance su ko ba a duba ba, matsalar ta kau. Matuƙan ba su canza ba, maɓallin aka canza. Da wannan idon nake so ki kalli manhajarku.

Bambancin da kika tambaya a kai yana wajen abin da ake ba muhimmanci. A manhajar saye da sayarwa, matsalar da ta fi damun mutane da yawa ita ake fara gyarawa, wadda ta sami mutum ɗaya a ɗari tana iya jira. A kayan lafiya lissafin ya juya. Kuskuren da ba ya faruwa sai jefi-jefi, amma in ya faru yaro ya sha ninki goma na maganinsa, shi ne kan gaba, ko da launin allon bai yi wa kowa daɗi ba. Don haka kafin ki kira ko mutum ɗaya gwaji, ku zauna da likitan yara, da mai harhaɗa magunguna, da nas, ku bi manhajar mataki-mataki kuna tambaya: in aka yi kuskure a nan, me zai sami yaron? Matakan da amsarsu cutarwa ce, su ne ginshiƙin gwajinku.

A irin taku manhajar, ga inda zan fara zuba ido. Nauyi da kilo ake sakawa ko da fam (ma'aunin nauyi na Turawa), kuma allon yana faɗa ƙarara? Kilo ɗaya ya haura fam biyu, saboda haka ruɗewa a nan ninka magani ne fiye da sau biyu. Sai ɗigo. In an rubuta 1.0 ido mai gajiya yana karanta 10, in an rubuta .5 ba sifili a gaba yana karanta 5. Tun 2004 hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci a Amurka ta sa waɗannan rubuce-rubuce biyu cikin jerin abin da ba a yarda da shi ba a umarnin magani. Sannan amsar da manhajar ke bayarwa, miligiram ce ko mililita? Nas da sirinji take aunawa, ruwa take ja, in kun ba ta miligiram kun bar mata sauran lissafin a ka. Na kowane shan magani ne ko na yini gaba ɗaya? Wanda ya fi tsorata ni kuwa shi ne nauyin yaron da ya gabata ya zauna a gurbin bayan an koma kan wani yaro.

Kada ki ɗauka ƙananan abubuwa ne. Daga 2005 zuwa 2009 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna da kayan lafiya a Amurka ta karɓi rahoto kusan 56,000 na matsaloli da famfunan da ke tura ruwa da magani ta jijiya, har da mace-mace sama da 700, aka janye irin waɗannan na'urori daga kasuwa sau 87. Cikin dalilan da hukumar ta lissafa akwai allo mai ruɗarwa da maɓallin da ke rubuta lamba sau biyu a dannawa ɗaya. Manyan kamfanoni ne suka ƙera su, da injiniyoyi ƙwararru.

Yanzu yadda ake gwajin. Ki fara da neman izini ki je ɗakin kwanciyar yara ki zauna, ba tare da manhajar ba, har da aikin dare. Ki lura da safar hannu, da hasken ɗaki, da sau nawa ake katse nas tana tsakiyar haɗa magani. Ni abin da na fi nema shi ne ƴan takardun da ake mannawa a jikin na'ura ko bango da rubutun hannu. Kowace ɗaya shaida ce cewa akwai inda kayan aiki suka gaza, ma'aikata suka toshe da dabararsu.

Ranar gwaji kada ki ce "danna nan ki saka nauyi". Ki ba ta labari: ga yaro, ga katinsa, ga abin da likita ya rubuta, ga kwalbar magani, yi yadda kika saba. Bayanan ƙirƙira za ki yi amfani da su, ba na majinyaci na gaske ba. Sannan ki yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi wuya, musamman ga wanda ya gina abin, shi ya sa na fi son wani daban ya jagoranci zaman, maginan su kalla daga gefe. In ta maƙale kada a taimaka mata, a asibiti ba wanda zai tsaya bayanta. A tsakiyar aiki a katse ta da wata tambaya kamar yadda ake yi a gaske, a ga ko za ta gane inda ta tsaya. Sai bayan an gama ki koma kan kowane tuntuɓe, har da wanda ta gyara da kanta, ki tambaye ta me ta gani, me ta zata zai faru. Tun farko ki tabbatar mata manhajar ake jarrabawa ba ita ba, kuma sakamakon ba zai je wurin shugabarta ba. Ki cika wannan alkawari.

Mutum nawa? Za ki ji ana cewa biyar sun isa. Maganar Jakob Nielsen ce, wani masanin gwajin sauƙin amfani da manhajoji, cewa mutum biyar na bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsaloli, kuma tana da amfani a zagayen farko: a gwada da kaɗan, a gyara, a sake, tun abin yana zane a takarda. Amma a 2003 wata mai bincike, Laura Faulkner, ta nuna cewa wani rukunin mutum biyar na iya kama kashi 55 kawai, alhali da mutum 15 mafi ƙarancin abin da aka kama kashi 90 ne. Jagorar FDA ta 2016 ta nemi aƙalla mutum 15 daga kowane rukuni na masu amfani a gwajin ƙarshe. Kowane rukuni fa: nas daban, likita daban, in iyaye za su taɓa ta a gida su ma daban. Kada ki cika gwajin da masu son fasaha da suka kawo kansu. Ki nemo sabuwar ma'aikaciya, da wadda idonta ya fara rauni, da wadda ta fito daga aikin dare. Wanda ba a gwada da shi ba shi ke biyan farashi daga baya. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano cewa ƴar na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa tana kasa nuna ƙarancin iskar a jinin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da na fararen fata. An shafe shekaru ana dogaro da ita a haka.

Bayan gwaji akwai jumloli biyu da za ki ji daga abokan aikinki, ina roƙonki ki tsaya musu: "za mu horar da su" da "mu sa gargaɗi". Ƙa'idar ISO 14971 ta ƙasa da ƙasa mai kula da haɗari a kayan lafiya ta jera matakai: a fara cire haɗarin daga tsarin abin, in bai yiwu ba a sa kariya, bayani da horo su ne na ƙarshe. Horo yana dusashewa, ma'aikata suna canzawa. Gargaɗi kuwa in ya yi yawa kunne da ido suna daina kula shi. Joint Commission ta faɗa a 2013 cewa kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari na ƙararrawar na'urorin asibiti ba sa buƙatar a yi komai, ta kuma lissafa mutuwa 80 masu alaƙa da ƙararrawa tsakanin 2009 da tsakiyar 2012. Labarin Therac-25, na'urar gashin ciwon daji da ta ƙona majinyata aƙalla sau shida tsakanin 1985 da 1987, yana da wannan ɓangaren. Akwai lahani a manhajarta, amma kuma ta saba fitar da saƙonni irin su "Malfunction 54" da ba wanda aka yi wa bayaninsu, har masu aiki da ita suka saba danna maɓallin ci gaba.

Gyara na gaske kamar abin da aka yi wa robobin asibiti ne. An daɗe ana jona robar abinci da ta jijiya bisa kuskure saboda bakinsu iri ɗaya ne, sai ƙa'idar ISO 80369 ta ba robar abinci baki nata daban wanda ba ya shiga na jijiya. A manhajarku kwatankwacinsa shi ne ta ƙi karɓar nauyin da ba zai yiwu ga wannan shekarun ba, ta goge komai da zarar an canza majinyaci, ta tsaya cak in adadi ya wuce iyakar da masu harhaɗa magunguna suka gindaya, gargaɗin da ke katse aiki kuma a ajiye shi don abin da zai cutar kaɗai.

A Tarayyar Turai da Ingila, manhajar da ke lissafa adadin magani na'urar lafiya ce a idon doka, don haka ku tuntuɓi hukumar ƙasar da za ku fitar da ita tun yanzu, ku kuma ajiye rubutaccen tarihin kowane gwaji da gyaran da ya biyo baya, ƙa'idar IEC 62366-1 shi take nema. In ba damuwa, ki turo hoton allon saka nauyi da na allon da ke nuna amsa a nan, da jerin matakan da kuka ga suna da haɗari, mu duba tare kafin ku kira mutanen farko.