Kada ki tura kuɗin karen jagoran nan ranar Juma'a

Wata baiwar Allah da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ta aiko mini da doguwar wasiƙa, ga kuma abin da na tsakuro daga cikinta:

"Ɗana na fari, mai shekara 22, ya rasa ganinsa shekara biyu da suka wuce sakamakon hawan jinin ido. Ya koyi tafiya da farar sanda, ya koma kwaleji, kuma malamar da ke koya masa zirga-zirga ta ce ya cancanci neman karen jagora. Na haɗu da wani ɗan ƙasarmu a Facebook wanda ya ce zai kawo mana horarren kare cikin mako uku, tare da lasisin gwamnatin tarayya da katin shaida da riga, a kan dala 6,000, amma sai na tura rabi ranar Juma'a. Na kwashi adashina saboda wannan. Sai dai baffan yaron, yayan marigayi mijina, ya aiko daga gida yana rantsuwa cewa ranar da kare ya kwana a ɗakinmu mun fita daga zuri'arsu, kuma ya ce zai ba mu ɗansa mai shekara 11 ya zo ya zama ɗan jagora. Ga yarjejeniyar hayarmu ta hana ajiye dabba. Na rasa tudun dafawa."

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya kuma saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi wa wannan yaro. Zan fara da abin da ke da wa'adi, wato kuɗin ranar Juma'a: kada ki tura ko sisi. Mutumin nan ya tona kansa da bakinsa tun lokacin da ya ambaci lasisin gwamnatin tarayya, domin babu wani lasisi ko rajista ko katin shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa ga karen da ke taimakon mai larura. Dokar ADA ta 1990, wadda ke kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, abin da ta duba shi ne ko an horar da karen ya yi wani takamaiman aiki ga mai larurar, kuma ma'aikatar shari'a ta ƙasar ta bayyana ƙarara cewa takardun da ake sayarwa a intanet ba su ba kowa wani haƙƙi. Idan ɗanki ya shiga kanti ko gidan abinci ko asibiti da karensa, tambaya biyu kaɗai doka ta yarda a yi masa: shin karen na taimako ne saboda larura, kuma wane aiki aka koya masa? Ba a neman takarda, ba a tilasta riga, kuma idan larurar a fili take, kamar makaho riƙe da karen jagora, ko tambayoyin ma bai kamata a yi ba. Saboda haka kati da rigar da aka yi miki alkawari ado ne da kowa zai iya bugawa da kuɗi kaɗan.

Alama ta biyu ita ce mako ukun. Karen jagora na gaskiya yana cin kusan shekara biyu kafin ya isa hannun mai shi. Makarantun da ke wannan aiki su ke kiwon karnukansu, galibi jinsin Labrador da Golden Retriever da karen makiyayan Jamus, suna zaɓen masu sanyin hali da lafiyar gaɓoɓi. Ɗan kwikwiyo yana da kimanin mako takwas ake miƙa shi ga wani iyali na sa-kai, ya yi fiye da shekara a hannunsu yana sabawa da hayaniyar titi da motar haya da cunkoson jama'a, yana koyon kwanciya shiru a ƙarƙashin tebur ko da an zubar da nama a gabansa. Bayan nan ne zai koma makaranta ya yi watanni a hannun ƙwararren mai horarwa, inda zai koyi tsayawa a bakin titi da kan matakala, da kauce wa rami, da lura da abin da ke rataye daidai tsayin kan mutum ko da shi karen zai iya wucewa ta ƙasa. Da yawa daga cikin karnukan ba sa kammalawa, sai a sallame su.

Akwai darasi guda da nake so ki riƙe, domin shi ne ya bambanta karen jagora da kare mai jin magana kawai. Kare ba ya karanta fitilar ba da hannu. Mai shi ne ke sauraren motsin motoci, ya yanke shawarar lokacin tsallakawa, ya ba da umarni. To amma idan ɗanki ya ce a tafi, alhali wata mota ta karyo kwana ba tare da ya ji ta ba, horarren kare zai dage ya ƙi ɗaga ƙafa, ko ya ja shi baya. Haka zai yi a bakin dandamalin jirgin ƙasa idan aka umarce shi ya nufi wajen ramin. An koya masa ya saɓa umarni idan bin umarnin zai halaka mai shi. Wannan ba abu ne da dillali zai cusa wa kare cikin mako uku ba, kuma ranar da za a gane ba a koya masa ba, a tsakiyar titi za a gane.

Na ga irin wannan da idona. Wani iyali da na sani sun biya wani mai talla irin naki kuɗi masu yawa, aka kawo musu kare kyakkyawa sanye da jar riga, da kati mai hoto da tambari. A makon farko suna tafiya a gefen titi karen ya hango wani kare a tsallake, ya fizge, ya kayar da yarinyar da ke riƙe da shi har ta kare da ɗinki a haɓa. Da suka nemi mutumin, lambar ta daina shiga. Wasu kuma ko karen ba su gani ba: bayan kafin alƙalami sai aka ce a ƙaro kuɗin jirgi, sannan na inshora, sannan na likitan dabbobi, har suka gaji suka haƙura. Kasancewarsa ɗan ƙasarmu kada ya sanyaya miki jiki, domin masu wannan sana'a da harshenmu da sallamarmu da "insha Allahu" suke farautarmu, sun kuma san kunya ke hana mu kai ƙarar ɗan gida. Ki sani kuma jihohi da dama sun mayar da gabatar da karen gida a matsayin na taimako laifi. A Kalifoniya hukuncin na iya kai wa wata shida a kurkuku ko tarar dala 1,000. Wanda takardunsa na zama ke hannun hukuma ba ya wasa kusa da irin wannan.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne hanyar gaskiya ta fi araha nesa ba kusa ba. Makarantar The Seeing Eye da ke Morristown a jihar New Jersey, wadda aka kafa a 1929, dala 150 take karɓa a kan karen farko, kuma a ciki har da masauki da abinci da horon mai karen. Guiding Eyes for the Blind da ke Yorktown Heights da Guide Dog Foundation da ke Smithtown, dukansu a cikin jihar da kike, ba sa karɓar komai. Ƙungiyoyin agaji ne da ke tafiya da gudummawar jama'a, su ke ɗaukar nauyin dubban dalolin da kowane kare ke ci. Abin da za su nema a wurinku shi ne rahoton likitan ido, da shaidar malamar da ta koya masa tafiya, da tabbacin cewa yana fita kullum kuma ya san hanyoyinsa da sanda, domin kare ba ya sanin inda aka nufa sai an gaya masa. Za su duba saurin tafiyarsa da ƙarfin hannunsa su haɗa shi da karen da ya dace, sannan ya je ya zauna a makarantar na 'yan makonni su koyi juna. Jiran yakan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara, kuma wannan jiran ne 'yan damfara ke ci da shi. Kuɗin adashinki ki adana su domin abincin karen da kula da lafiyarsa, tunda zai yi aiki na kimanin shekara takwas kafin ya yi ritaya.

Batun haya mai sauƙi ne. A dokar gidaje ta tarayya karen taimako ba dabbar sha'awa ba ce, don haka sharaɗin hana dabba ba ya hawa kansa, kuma mai gida ba shi da ikon ƙara miki kuɗin dabba, sai dai idan karen ya yi ɓarna ku biya. Ki rubuta masa buƙatar a takarda kafin karen ya iso, ki ajiye kwafi. Akwai togaciya ga ƙananan gidajen da mai su ke zaune a ciki, don haka idan naku irinsu ne, ko kuma ya yi gardama, ki tuntuɓi hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta birnin New York.

Yanzu sai maganar baffa, kuma a nan ina tare da ke. Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin da aka karantar da mu a zaure ba ɓoyayye ba ne: a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kai, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don najasa ba. Shafi'iyya ne suka tsananta a wannan babi. Hadisin da ya yi maganar raguwar lada ga mai ajiye kare ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin sauran buƙatu na haƙiƙa a kan waɗannan. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A 2008 ma wata majalisar malamai a Ingila ta ba da fatawar da ta sa wani masallaci a Leicester ya keɓe wa karen jagoran wani matashi makaho wurin jira a wajen ɗakin salla. Hadisin mala'iku da ɗakin da ke da kare yana nan, ba zan ce miki babu shi ba. Ku je wurin malamin da kuka amince da iliminsa, ke da yaron, ku shimfiɗa masa larurar yadda take. A aikace iyalai da dama suna ware wa karen shimfiɗarsa a wani lungu, su hana shi ɗakin da ake salla, horarren kare kuwa inda aka ce ya tsaya nan yake tsayawa. Ki lura kuma cewa dokar ADA ba ta hau kan wuraren ibada ba, saboda haka shigarsa harabar masallaci sai da fahimtar juna da liman.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tayin ɗan jagora. Mutumin da ke tsoron zunubin kare bai ji tsoron raba yaro ɗan shekara 11 da uwarsa da karatunsa ba, domin ya zo ya riƙe wa saurayi sanda a cikin sanyin New York. A gida mun saba ganin wannan har idonmu ya daina ganin zaluncin da ke ciki, amma a nan doka ta wajabta wa yaro mai waɗannan shekaru zuwa makaranta, kuma ke za a tuhuma. Ban da haka, babu wata biza ta ɗan jagora, kuma ɗan ɗan'uwan miji ba ya cikin dangin da doka ta ba ki damar nema wa izinin zama. Abin da zai biyo baya na san shi: wani dillalin zai ce a rubuta yaron a matsayin ɗanki, ko a nema masa bizar ziyara a ɓoye manufar. Ƙarya a takardun shige da fice tana iya haramta wa yaron shiga ƙasar har abada, ta kuma jawo a sake buɗe naki fayil ɗin. Ina kyautata zaton baffa yana ƙaunar ɗan ƙaninsa, amma ban kasa lura ba cewa shawararsa ta zo daidai da samar wa ɗansa hanyar Amurka. Ki amsa masa da ladabin da ya dace da yayan miji, ki sa wani dattijo ko malami da yake jin nauyinsa ya kai masa bayanin, amma kada ki nemi izininsa, domin rantsuwarsa ba ta yanke zumuntar da Allah ya ƙulla, kuma ba shi ne ke sauka matakalar tasha da duhun ido kowace safiya ba.

Wani abu da ban gani a wasiƙarki ba shi ne ra'ayin yaron kansa. Shekararsa 22, shi zai cika takardar neman, shi makarantar za ta yi wa tambayoyi, shi zai fita da karen ya yi bahaya da asuba ko ana zuba ƙanƙara, shi zai goge masa jiki ya ciyar da shi. Akwai makafi da yawa da suka gwammace sanda har ƙarshen rayuwarsu kuma suna zuwa ko'ina. Ki tambaye shi tsakani da Allah, ba a gaban baƙi ba.

Idan ya samu karen kuma kuka tashi ziyarar gida, shawarata ku bar shi a nan wurin wanda makarantar ta amince da shi. Tun daga 1 ga Agustan 2024 hukumar CDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Amurka ta tsaurara sharuɗɗan shigo da kare, kuma Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da ta lissafa a matsayin masu haɗarin cutar haukan kare. Karen da ya je can ba zai dawo cikin sauƙi ba sai yana da ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, da takardar rigakafin da likitan dabbobi mai izini ya cika kuma ma'aikatar noma ta Amurka ta sa wa hannu tun kafin ku tashi, ban da fom ɗin ma'aikatar sufuri da kamfanin jirgi zai nema. Shi kuwa mutumin Facebook, kada ki tsaya jayayya da shi. Ki ɗauki hoton duk saƙonninsa da lambar asusun da ya ba ki, ki kai rahotonsa ga hukumar FTC mai kula da damfarar masu saye, sannan ranar Juma'ar ku zauna da malamar yaron ku fara cika takardar ɗaya daga cikin makarantun nan uku.