Filin Tambaya da Amsa: Masu Gudu da Katako a Dutsen Gubbiyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena yana aiki a Ferujiya ta ƙasar Italiya. Ya turo mini bidiyon wasu ƙarti sun saɓo dogayen katakai suna sheƙa gudu da su zuwa kan dutse, ya ce a garin Gubbiyo ne. Malam, wannan ibada ce ko wasa? Kuma me ya kai mutane gina gari a kan tudu alhali ga fili a ƙasa? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da ta biyun don ta fi sauƙi. Mahara da sauro ne suka kora su sama. Bayan faɗuwar daular Rumawa ta yamma a shekarar 476, kwari ya zama hanyar mayaƙa, fadamu kuma ga zazzaɓi. A Gubbiyo ɗin ma tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa yana nan a fili har yau, garin kuwa ya haura ya manne da gefen Dutsen Injino.

Abin da ka gani sunansa bikin Ceri, wato kyandirori da Italiyanci, ana yin sa kowace 15 ga Mayu, jajibirin ranar rasuwar Ubaldo, bishop ɗin garin da ya rasu a 1160. Gawarsa tana ajiye cikin akwatin gilashi a cocin da ke kan dutsen, kuma can masu gudun suka nufa. An ce da fari kyandirori ake kai masa, daga baya aka musanya su da katako. Katakan uku ne, kowanne nauyinsa ya kusa kilo 300, da mutum-mutumin waliyyi a samansa: Ubaldo na magina, masu riga ruwan ɗorawa, Jojo na 'yan kasuwa, masu shuɗiya, sai Antoniyo na manoma da ɗalibai, masu baƙa.

Ga inda abin yake ba ni mamaki. Gudu ake yi na fitar rai, amma ba a yarda wani ya wuce wani ba. Ubaldo ne a gaba kullum, Jojo na biye, Antoniyo a ƙarshe, ko da na gaba ya faɗi sai a jira shi ya tashi. To gasar mece ce? Kada naka ya faɗi, kada ya karkace, kuma ka matse na gabanka har ya ji numfashinka. Mutanen Ubaldo kuma burinsu su shige harabar coci su rufe ƙofa kafin na Jojo su iso. Ana canjin kafaɗa ana cikin gudu, ba tsayawa.

Ibada ce ko wasa? A wajen Cocin Katolika girmama waliyyi ne, da addu'o'i da jerin gwano kafin gudun. Ni dai a ganina abin da ya fi riƙe shi shi ne gado. Yawanci yaro launin rigar gidansu yake tashi da shi, har wanda rabonsa da coci an daɗe za ka same shi a ƙarƙashin katakon. Yankin Umbiriya ma, inda Gubbiyo yake, hoton katakan nan uku ya ɗauka ya zama tambarinsa.

Wasu masana suna cewa tushen bikin ya girmi Kiristanci. Ban ɗauki wannan a matsayin magana yankakkiya ba, sai dai garin yana da abin nunawa. A 1444 aka tono alluna bakwai na tagulla a Gubbiyo, rubuce da harshen Umbiriyawan dā tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suna bayanin yadda wata ƙungiyar limaman gargajiya ke duba tashin tsuntsaye tana yin yanka a ƙofofin gari uku. Suna nan a gidan tarihi na fadar Konsoli. Ka ce wa ƙanenka in ya sake zuwa kada ya tsaya a kallon gudu kawai.

TAMBAYA: Malam, an taɓa samun Musulmi a irin waɗannan garuruwa kuwa? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ƙwarai kuwa, Hajiya. Akwai Lucera, gari a kan tudu a yankin Puliya, kudancin Italiya. Daga shekarun 1220 Sarki Firedirik na Biyu ya riƙa kwaso Musulmin tsibirin Sisili da suka yi masa bore yana zaunar da su a can. Ya bar su da masallatansu da alƙalansu, suna noma, shi kuma yana ɗibar maharba daga cikinsu zuwa yaƙe-yaƙensa. A 1300 Sarki Calis na Biyu na gidan Anju ya tarwatsa su, aka sayar da dubbai a matsayin bayi. Babban cocin garin na yanzu a lokacin aka fara gina shi, a wurin da ake kyautata zaton nan masallacin Juma'arsu yake.