Yaya BLAST ke gano DNA cikin 'yan daƙiƙu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyyar halittu ce. Na liƙa jerin DNA ta wayata a shafin BLAST, manhajar da ke nemo jerin da suka yi kama da wanda aka ba ta, kafin in ankara sakamako ya fito. Yaya aka yi ya duba rumbu mai girma haka nan take? Kuma in yarda da abin da ya ba ni?

Amsa: Malama, wayarki aike kawai ta kai. Lissafin a manyan kwamfutocin cibiyar NCBI ta Amurka ake yin sa, wadda ke kula da GenBank, rumbun adana jerin DNA.

A wurin kwamfuta, DNA rubutu ne mai haruffa huɗu: A, C, G da T. Akwai dabarar Smith da Waterman ta 1981, mai gwada kowane harafi na jeri ɗaya da kowane harafi na ɗayan. Daidaito mafi kyau ba ya kuɓuce mata, sai dai akwai cin lokaci. BLAST, wanda Altschul da abokan aikinsa suka fitar a 1990, yanke ya bi. Yana yayyanka jerinki gunduwa-gunduwa, haruffa 11 kowace a nau'insa mai suna blastn, ya nemi inda wata gunduwa ta fito cif a rumbun. Inda ya dace, nan zai tsaya ya miƙa hagu da dama yana ba da maki, har makin ya fara zubewa. Sauran rumbun kuwa wucewa kawai yake yi, ba ya tsayawa daidaita shi harafi-harafi.

Saurin nan ba kyauta ba ne. Idan jeri biyu 'yan uwan nesa ne, canje-canje sun warwatsu a cikinsu har babu haruffa 11 a jere da suka zo ɗaya, BLAST zai wuce su. Megablast, nau'in BLAST da shafin ke fara zaɓar miki, gunduwarsa ma 28 ce, don neman masu kama sosai aka yi shi. To idan ya ce bai samu komai ba, kada ki tattara ki tafi. Koma blastn ki sake gwadawa.

Batun yarda kuma, ɗalibai kan ruɗu da ganin sakamako ya nuna dacewa kashi 100. Kashi 100 a kan haruffa 20 kacal ba abin murna ba ne, a rumbu irin wannan sa'a ma na kawo hakan. Duba E-value: adadin irin wannan dacewa da ake sa ran samu bisa sa'a zalla. Idan kin ga 1e-50, wato adadi ƙanƙani kusa da sifili, hujja ce mai ƙarfi, 0.5 kuwa ki ajiye gefe. Sannan ki leƙa layin Query Cover, ki ga ko dacewar ta mamaye jerinki ne ko gefensa kawai ta taɓa.