Filin Tambaya da Amsa: James Bond ko Mai Zobe, Wane Ne Ya Fi Kusa da Gaskiya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji uku na jami'a, ina karanta kimiyyar siyasa. Muna da wata gardama da abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Shi masoyin fina-finan almara ne, irin su The Lord of the Rings (Mai Zobe) da Harry Potter, har yakan raba dare a gaban kwamfuta yana maimaita su. Ni kuwa a ganina waɗannan tatsuniyoyin yara ne, cike da dodanni da sihiri, babu abin da mai hankali zai ƙaru da shi a cikinsu. Na fi son fina-finan leƙen asiri, musamman na James Bond da Mission: Impossible, domin suna nuna ƙasashe na gaske da hukumomi na gaske da yadda manyan ƙasashe suke gwabzawa a ɓoye. Har nakan ce masa saboda su ne nake fahimtar darasin hulɗar ƙasa da ƙasa fiye da sauran 'yan ajinmu. Malam, a raba mana gardama, wane ne ya fi gaskiya a tsakaninmu?

Ɗalibi, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Na ji daɗin wasiƙarka, domin ɗalibin da yake kallo yana tambayar kansa abin da ya ƙaru da shi ya riga ya wuce mai kallo don kashe lokaci kawai. Amma tunda ka nemi a raba gardama, ba zan ɓoye maka ba cewa ginshiƙin hujjarka yana rawa. Ka ɗauka cewa fim ɗin da ya ambaci Landan da Mosko ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya ambaci garuruwan da babu su a taswira, alhali sunan gari na gaske ba ya mayar da labari gaskiya.

Bari in fara da inda kake da hujja. Hukumar da Bond yake yi wa aiki, wato MI6, hukumar leƙen asirin Birtaniya a ƙasashen waje, tana nan da gaske, asalinta ya koma shekarar 1909, kuma babban gininta da ake nunawa a bakin kogin Thames a unguwar Vauxhall ta Landan shi ne ainihin hedikwatarta. Shugabanta na farko, Mansfield Cumming, yakan sa hannu a takarda da harafin C kaɗai, da koren tawada, kuma har yau da wannan harafi ake kiran duk wanda ya hau kujerar. Ian Fleming, wanda ya ƙirƙiro Bond, ya yi aiki a sashen leƙen asiri na rundunar sojan ruwan Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka ya san ƙamshin ofisoshin da yake kwatantawa. Wannan shi ne abin da ya ja ka, kuma ban ga laifinka ba.

Sai dai ka dubi aikin da kansa. Ɗan leƙen asiri na gaske, jarinsa shi ne kada a san shi. Bond kuwa yana shiga gidan caca cikin kwat mai tsada, ya faɗi sunansa na gaskiya ga duk wanda ya tambaye shi, ya fito ya tuƙa Aston Martin a tsakiyar gari, ya bar gawarwaki da gine-gine suna ci da wuta a bayansa. A 2016 Alex Younger, wanda yake shugabantar MI6 a lokacin, ya faɗa a fili cewa mutum irin Bond ba zai tsallake tantancewar ɗaukar aiki a hukumar ba. Mafi yawan aikin leƙen asiri zama ne da karatun rahotanni, da haƙurin shekaru ana lallashin wani ma'aikacin gwamnatin wata ƙasa har ya yarda ya riƙa tsegunta abin da ya gani.

Idan kana son ka ga kamannin wannan aiki, ka nemi Tinker Tailor Soldier Spy na 2011, wanda aka ɗauko daga littafin John le Carré, mutumin da ya yi aiki a MI5 (hukumar tsaron cikin gida ta Birtaniya) da MI6 kafin ya koma rubutu. Jarumin fim ɗin, George Smiley, dattijo ne mai tabarau da aka sallama daga aiki, aka kuma dawo da shi a asirce ya gano maci amanar da yake cikin manyan hukumar. Wurin da ya fi ɗaga hankalin mai kallo a fim ɗin babu harbi a cikinsa. Wani ma'aikaci ne ya shiga ɗakin ajiyar takardu na ofishinsu yana ƙoƙarin fitar da littafin da masu aikin dare suke rubuta saƙonnin da suka shigo, gabansa yana faɗuwa a duk lokacin da wani ya gaishe shi, sannan da aka buɗe littafin sai aka tarar an yanke shafin daren da ake nema. Labarin yana da tushe a tarihi, domin Kim Philby, babban jami'in MI6, ya yi shekaru yana yi wa Tarayyar Sobiyet aiki, har ya tsere daga Bairut zuwa Mosko a 1963.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne cewar da ka yi waɗannan fina-finai suna taimaka maka a darasin hulɗar ƙasa da ƙasa. A nan nake so ka tsaya da kyau. Littafin Bond na farko, Casino Royale, ya fito a 1953. A watan Agustan wannan shekarar ne MI6 da CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, suka haɗa hannu wajen kifar da gwamnatin Firaministan Iran, Muhammad Musaddiƙ, wanda ya mayar da man fetur ɗin ƙasarsa hannun gwamnati a 1951 bayan ya ƙwace shi daga wani kamfanin Birtaniya, wanda daga baya ya zama BP. Sai a 2013 ne CIA ta amsa a bainar jama'a cewa da hannunta a ciki. Wannan shi ne aikin hukumomin a zahiri a shekarar da aka haifi Bond, kuma ba za ka same shi a cikin fina-finan Bond 25 da kamfanin Eon ya shirya ba, domin a cikinsu kullum Birtaniya ce mai ceton duniya daga wani mahaukacin attajiri ko wata ƙungiyar asiri.

Ka kuma lura da lokacin da fim na farko, Dr. No, ya fito. An haska shi a Landan a watan Oktoban 1962, wata biyu bayan Jamaika, inda labarin ya gudana, ta sami 'yancin kanta, shekara biyu bayan Nijeriya ta sami nata, shekara shida bayan kunyar da Birtaniya ta sha a rikicin mashigin Suwez. Daula tana zubewa a hannun Turawan Ingila, sai ga wani ɗan ƙasarsu a majigi yana sauka a kowace ƙasa kamar gidan ubansa, har jami'in Amurka ma mataimakinsa ne. Bond lallashi ne ga al'ummar da ta rasa mulkin duniya. Har a Casino Royale na 2006, wanda Daniel Craig ya fara fitowa a matsayin Bond a cikinsa, ka duba yadda aka nuna nahiyarmu: sansanin 'yan tawaye cikin taɓo a Yuganda, sai taron 'yan kallo suna caca a kan faɗan maciji da wata dabba a Madagaska, sai ofishin jakadancin wata ƙasar Afirka da ba ta wanzu ba, wanda Bond ya kutsa ya tarwatsa. Ɗalibin kimiyyar siyasa zai iya ƙaruwa sosai da Bond idan ya ɗauke shi a matsayin abin nazari, ya tambayi kansa wa ya shirya shi, kuma hoton wa yake gyarawa. Idan ya ɗauke shi a matsayin malami kuwa, zai shiga jarrabawa da tarihin da aka yi wa kwaskwarima.

Game da Mission: Impossible, ba ni da dogon bayani. Abin yabo a cikinsa shi ne bajintar jiki, domin da gaske Tom Cruise ya rataya a jikin Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, a fim ɗin 2011. Amma hukumar da yake yi wa aiki ƙirƙirarriya ce, haka ma fuskokin roba da ake cirewa kamar hula.

Yanzu mu koma ga abin da ka kira tatsuniyar yara. Ina yaro, idan an gama cin tuwon dare an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kakata ba ta taɓa fara labari ba sai ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", mu kuma mu amsa "ta zo mu ji ta". Da wannan kalma ta riga ta sanar da mu cewa Gizo da Ƙoƙi da Dodo ba maƙwabtanmu ba ne, amma duk da haka a bakinta muka fara sanin yadda kwaɗayi yake kai mai wayo ya baro. Fim ɗin almara ma haka yake yi, tun daga minti na farko yana gaya maka cewa wannan duniyar ƙirƙira ce, saboda haka ba ya ruɗin ka game da tarihin kowace ƙasa.

Wanda ya rubuta The Lord of the Rings, J.R.R. Tolkien, farfesan harshe ne a Jami'ar Oxford, ya ƙirƙiri harsunan da wasu jinsunan labarin suke magana da su da nahawunsu, kuma ya halarci gumurzun Somme a Faransa a 1916, inda ya rasa aminansa. Ya ƙi yarda a ce littafinsa habaici ne ga wani yaƙi na musamman, amma batun da ke tsakiyarsa batun darasinka ne. Zobe ne mai ba da iko marar iyaka, kuma tambayar ita ce ko mutumin kirki zai iya riƙe irin wannan iko ya yi alheri da shi. Gandalf, dattijon masihircin labarin, ya ƙi karɓarsa da aka miƙa masa, don ya san tausayinsa ne zai zama ƙofar da zoben zai shiga ya lalata shi. Boromir, wani mayaƙi cikin ayarin da suka fita don halaka zoben, ya so ya ɗauka ya kare ƙasarsa da shi, niyyarsa mai kyau ce, amma ta kai shi ga far wa abokin tafiyarsa. Shi kansa Frodo, wanda aka ɗora wa nauyin kai zoben ya jefa shi cikin wutar wani dutse don a halaka shi, bayan duk wahalar da ya sha, da ya isa bakin wutar dutsen sai ya kasa jefawa, ya ce zoben nasa ne. Duk wanda ya karanta tarihin shugabannin da suka hau mulki da alkawarin gyara, sannan suka ƙi sauka, zai gane wannan fuska. Bond kuwa an ba shi lasisin kisa, kuma da wuya fim ɗin ya tsaya ya tambaya ko ya dace a ba wani ɗan Adam irin wannan izini.

Aikin da aka zuba a ciki ma ba wasan yara ba ne. Darakta Peter Jackson ya ɗauki kashi ukun fim ɗin a lokaci guda a ƙasarsa Niyu Zilan, aka fitar da su a 2001 da 2002 da 2003, na ƙarshen ya ci lambobin Oscar 11. Ka sake kallon wurin da Gandalf da Frodo suke zaune a keken doki a farkon kashi na farko. Za ka rantse gefe da gefe suke, alhali an zaunar da mai fitowa a Frodo can baya, nesa da kyamara, an kuma gina kujerar yadda idonka zai haɗa su wuri ɗaya, shi ya sa ya fito ɗan ƙarami. Gollum kuwa, wata halitta da son zoben ya lalata, motsin jiki da muryar Andy Serkis ne aka naɗa, sannan masu kwamfuta suka ɗora masa wannan ramammiyar siffa.

Ka ambaci sihiri. Hukuncin kallon irin waɗannan fina-finai na malaman addini ne, su ya kamata ka tuntuɓa, kuma ina girmama duk wanda ya ƙaurace musu saboda wannan dalili. Abin da zan roƙe ka shi ne ka auna da mudu ɗaya, domin fina-finan da ka fi so cike suke da giya da caca da mata da ake sauyawa kamar riga, kuma an ƙawata su ta yadda saurayi zai yi sha'awar kwaikwayo, alhali babu wanda zai fita ya nemi dodo bayan ya gama kallo.

Abokinka ma kada ya yi saurin murna. Ba kowane fim ɗin almara ne yake da nauyin wanda na bayyana ba, kuma kasuwa ce take jan akalar ɓangarorin biyu. Littattafan Harry Potter bakwai ne, amma fina-finan takwas ne, daga 2001 zuwa 2011, saboda an raba na ƙarshe gida biyu. The Hobbit na Tolkien ɗan ƙaramin littafi ne guda ɗaya, aka ja shi kamar danƙo ya zama fina-finai uku tsakanin 2012 da 2014, kuma duk mai kallo yana jin inda aka yi ƙari don cike lokaci. A wancan ɓangaren kuma, agogon Omega da ke hannun Bond da motar da yake tuƙawa talla ce aka saƙa a cikin labari. Raba dare ana maimaita fim guda kuwa, ko wane iri ne, ba zai yi wa ɗalibi daɗi ba ranar da sakamako ya fito.

Ga abin da nake ba ku shawara ku yi idan an yi hutu. Ku zauna tare ku kalli Dr. No, sannan Tinker Tailor Soldier Spy, sannan kashi na farko na The Lord of the Rings. A kowane ɗaya ku riƙe takarda ku rubuta wa yake da iko, wa yake sa masa ido, da kuma yadda aka nuna mutanen ƙasar da jarumi ya sauka a cikinta, ko suna da suna da magana ko kuwa taro ne kawai a bayan hoto. Kai kuma ka ƙara da shiga ɗakin karatu na jami'arku ka nemi abin da aka rubuta kan juyin mulkin Iran na 1953 da kisan Patrice Lumumba na Kwango a 1961. Idan kun gama, ku rubuto mini abin da kuka samu, zan buga shi a wannan fili in Allah ya yarda.